Tambaya da Amsa: Ina da ciwon kumburin hanji, shin in haƙura da gudu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 31, ina aiki a ɗakin ajiyar kaya na wani kamfani a Jidda, daga Lahadi zuwa Alhamis. Bara aka tabbatar min da ciwon kumburin babban hanji, wanda likitoci ke kira alsaratib kolaitis, kuma ina shan mesalazin. Tun kafin ciwon nake gudu a Kornish, wato titin bakin tekun Jidda, burina in shiga gudun kilomita 21 na Riyad. Mahaifiyata ta ce gudun ne ke tsinka min hanji, in bari. Abokai kuma sun fara cewa girman kai ya kama ni, don na daina zuwa istiraha, wato gidan shaƙatawa da muke taruwa, daren Alhamis. Ga aiki ga gajiya. Wanne zan saki?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaida Hajiya, ka kwantar mata da hankali: ba gudu ne ya kawo maka wannan ciwo ba. Garkuwar jikinka ce ke far wa fatar cikin babban hanji har ta kumbura ta yi gyambo, daga nan jini da majina ke fitowa. Ciwo ne mai tashi ya lafa. Lokacin da ya lafa, motsa jiki alheri ne gare ka, yana ƙarfafa ƙashi, yana gyara barci, yana rage damuwa. Saboda haka ba zan ce ka bar gudu ba. Abin da zan ce shi ne, hanjinka ne zai riƙa tsara maka ranakun gudu, ba ranar gasa ba.

Sai dai Hajiya ba ta yi magana a banza ba. In mutum ya yi nisa yana gudu, jiki kan janye jini daga hanji ya kai wa ƙafafu da fata, ga kuma jijjiga. Shi ya sa har masu ƙoshin lafiya kan ji murɗar ciki ko zawo ya kama su a tsakiyar hanya. Dole ka iya bambanta wannan da tashin ciwonka. Zawon gudu yana zuwa ne lokacin gudu ko jim kaɗan bayansa, kafin washegari ya wuce. Tashin ciwo ba ya jiran ka sa takalmi. Za ka ga jini ko majina, bahaya ya matsa maka ba zato, ya tashe ka cikin dare, kwana biyu uku abin bai sauya ba. In ka ga haka, ajiye takalmin, ka koma tafiya a hankali, ka nemi likitanka. Akwai gwajin bahaya da ake kira kalfurotektin, shi ke nuna ko akwai kumburi a hanji. In kuwa zawon jini ya kai sau 6 a yini, tare da zazzaɓi ko bugun zuciya da sauri, wannan maganar asibiti ce a ranar, ba sai gobe ba. Haka ma in sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, kada ka ɗauka ciwon gudu ne, domin jinin masu wannan ciwo ya fi saurin daskarewa a jijiya lokacin da ya tashi.

Abin da ya fi damuna da masu gudu irinka ba gudun ba ne, kemis ne. Gwiwa ta yi tsami, mutum ya leƙa kemis ya karɓo maganin ciwon jiki irin Brufen ko Voltaren. Wannan dangin magani yana iya tayar maka da ciwon, kuma in ya haɗu da ƙarancin ruwa a jiki yana wahalar da ƙoda, alhali shi ma mesalazin sai ana duba ƙoda a kai a kai. In dole ne, Panadol ya ishe ka. Na biyunsa, barin magani don an ji sauƙi. Mutum ya yi kilomita 15 lafiya ƙalau, sai ya ce ai na warke. Maganin ne ya ba ka wannan lafiyar, kada ka yanke shi sai da izinin likita. In kuma aka taɓa sa ka a kan firednisolon, maganin da ake bayarwa don kwantar da kumburin in ciwon ya tashi, na tsawon lokaci, ka sani yana rage ƙarfin ƙashi, don haka ka rage nisan gudunka har ka gama shi.

Gajiyar da ka ambata ma kada ka ɗora wa aiki ita duka. Jinin da ke zuba kaɗan kaɗan yana cinye sinadarin ƙarfe na jiki, sai ka ga mutum yana haki a inda da yake wucewa yana hira. Ka nemi a auna maka yawan jini da feritin, wanda ke nuna ajiyar sinadarin ƙarfe a jiki, a haɗa da bitamin D. Abin mamaki, ƙarancin bitamin D ya yi yawa a Saudiyya duk da wannan rana, saboda kowa gudunta yake.

Sai zafin Jidda. Aikin babban hanji shi ne tsotse ruwa da gishiri, naka kuwa yana da rauni, ga gumin bakin teku da ba ya bushewa. Ƙasar da hukuma ta hana aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba ba wurin gwada jarumta ba ce. Ka yi gudunka bayan sallar asuba, a watannin zafi kuma ka koma injin gudu a ɗaki mai sanyi. Hau sikeli kafin ka fita da bayan ka dawo: kowane kilo ɗaya da ya ragu, kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Bar awa 2 zuwa 3 tsakanin abinci mai nauyi da gudu, ka san inda bayi yake a hanyarka, kuma duk abin da za ka sa a baki ranar gasa ka riga ka gwada shi a atisaye.

Batun abokai, ni dai ina ganin ka yi saurin janyewa. Kaɗaici ma yana cin mai ciwo. Matsalar istiraha ba mutanen ba ne, lokacin ne: a sauke kabsa, wato dafa-dukan shinkafa da nama, tsakar dare, a bi da gahwa kofi bayan kofi, kai kuma kana son dogon gudu da asubar Juma'a. Mayar da dogon gudun asubar Asabar, daren Alhamis ya zama naka da jama'arka. Je ka, ka ci daidai cikinka, ka tashi kafin dare ya raba. Yaji ba ya haifar da gyambon, amma in ka lura yana ƙara maka zawo, sai ka kauce masa. Ka kuma zaɓi mutum ɗaya ko biyu ka faɗa musu gaskiya. Kunyar maganar bahaya ce ke sa mutanenmu ɓoye wannan ciwo har a zarge su da girman kai.

A wurin aiki, rahoton likita a fayil ɗinka ya fi dogon bayani. Sashe na 117 na dokar ƙwadago ta Saudiyya ya ba ma'aikaci hutun rashin lafiya a shekara: kwana 30 da cikakken albashi, 60 da kashi uku cikin huɗu, sai 30 ba albashi. Ka kuma roƙi mai kula da ku ya bar ka kusa da bayi a ranakun da ciki ya motsa.

Gasar Riyad, tun 2022 ake yin ta, a lokacin sanyi, kuma ban da kilomita 42 da 21 akwai na 10. In ciwon ya lafa na 'yan watanni, gwaje-gwajen suka yi kyau, likitanka ya amince, shiga na 21 da atisayen kwana 3 a mako, kana ƙara nisa sannu sannu. In ya tashi ana saura makonni kaɗan, sauka zuwa na 10, ko ka bari sai baɗi.