Amsa: manhajar karanta littattafai da juya su a kwamfuta

Salamu alaikum ɗan'uwa. Ka tambaya wace manhaja za ka saka a kwamfutarka don karanta littattafai da juya PDF zuwa abin da zai karantu a waya.

Ni dai Calibre nake amfani da ita a nan Yamai. Kyauta ce, Kovid Goyal ya fara ta a 2006, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Tana juya nau'o'in fayil na littattafai irin EPUB, MOBI, AZW3 da DOCX (wato fayil ɗin Word) daga wannan zuwa wancan. Sai dai tana da nauyi wajen saukewa, don haka gara ka karɓa a filashi wurin wanda yake da ita, kada ta cinye maka data.

Amma kada ka sa rai da yawa a kan PDF. Layuka kan karye, lambar shafi ta faɗo tsakiyar magana. In kuwa littafin hotonsa aka ɗauka, Calibre ba ta gane rubutun ciki, sai ka fara bi da shi ta OCR, wato manhajar da ke mai da hoton rubutu ya zama rubutu. In kana da Word ɗin littafin, daga shi za ka juya, ya fi tsabta nesa ba kusa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne haruffanmu. Na taɓa juya wani rubutun Hausa, na buɗe a waya, sai ga ƙ da ɗ da ƴ sun koma ƴan akwatuna. Maganinsa, lokacin juyawa ka sa ta cusa salon rubutu irin Charis SIL cikin littafin.

In karatu kawai kake so, kuma kwamfutar tsohuwa ce, SumatraPDF ta wadatar a Windows. Littafin da aka kulle da DRM kuwa, wato makullin da masu sayarwa ke sawa don hana kwafa, Calibre ba ta juya shi.

Allah ya ba da sa'a.