Tambayi Likita: Jel ɗin sikanin, gwajin sikila da maganin cibiya

Tambaya: Likita, ina da ciki wata biyar. Duk lokacin da na je sikanin sai a shafa mini wani abu mai sanyi da yauƙi. Magani ne? Zai iya shafar jariri? (Wata mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malama, ba magani ba ne, kuma ba ya kaiwa ga jariri. Yawancinsa ruwa ne, sai sinadarin da ke sa shi kauri da ɗan abin hana lalacewa. Na'urar sikanin da sauti take aiki, sautin da ya fi ƙarfin jin kunne, tana aika shi cikin jiki tana karɓar amsa-kuwwarsa. To iska ce abokiyar gabar wannan sauti: in akwai ko siririyar iska tsakanin kan na'urar da fata, fiye da kashi 99 cikin 100 na sautin komawa zai yi, hoton ya fito baƙi. Jel shi ke cike wannan gurbi.

Inda matsala take shi ne tsafta. Robar da ake ta ƙara mata jel ba a wankewa tana zama gidan ƙwayoyin cuta, kuma a 2021 an samu ɓarkewar cuta a asibitocin Amurka daga gurɓataccen jel. A lafiyayyar fata ba abin damuwa, amma kusa da rauni ko inda za a soka allura, jel na ƙunshi ɗaya da aka kashe wa ƙwayoyin cuta ake buɗewa.

Tambaya: Mun je gwajin jinotaif kafin aure. Wuri na farko an ce ni AA ne, na biyu an ce AS. Wanne zan ɗauka? (Wani mai shirin angwancewa daga Katsina)

Amsa: Malam, kada ka ɗauki wanda ya fi maka daɗi. Jinotaif ɗin mutum ba ya sauyawa, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ne ya kuskure.

Ga yadda ake yin sa. Ana fasa jajayen ƙwayoyin jini a fito da himoglobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, a ɗiga shi a kan wata takarda ta musamman ko a kan shimfiɗar jel na agaros, wanda ake samu daga tsiron teku, sannan a sakar masa wutar lantarki. Kowane iri da saurin tafiyarsa: A ne a gaba, F na biye da shi, sai S, C kuma a ƙarshe. Ana rina shimfiɗar a karanta layukan da suka bayyana. Da wutar lantarki Linus Pauling da abokan aikinsa suka gano a 1949 cewa himoglobin ɗin mai sikila ya bambanta da na sauran mutane.

Kuskure yakan fito daga wurare sanannu. Ruwan da ake jiƙa shimfiɗar da shi ya tsufa, ko wuta ta ɗauke kafin layukan su rabu. Ko an ɗiga jini da yawa layukan suka dagule, ko ba a jera jinin gwaji da aka san irinsa a gefe ba don kwatantawa. Musanyar suna a jikin kwalba ma ana yi. Wanda aka ƙara wa jini cikin wata uku da suka wuce, jinin mai bayarwa na iya fitowa a sakamakonsa. Akwai kuma himoglobin D da G da suke tsayawa wuri ɗaya da S a gwajin da aka saba, sai an maimaita a jel mai tsami ake rarrabe su. Shawarata, ku je babban asibiti ku biyun a yi muku da na'urar HPLC, wadda ke rarrabe ire-iren himoglobin ta kuma auna yawan kowanne. In duk ku biyun AS ne, kowane ciki yana da ɗaya bisa huɗu na yiwuwar SS.

Tambaya: Me ya sa gwajin fitsari na "kalca" yake ɗaukar kwana uku, alhali na maleriya minti ashirin ne?

Amsa: Domin noma ake yi. A ɗakin gwaji ana narka garin agar, wanda ake samu daga tsiron teku, kimanin giram 15 a lita ɗaya ta romon abincin ƙwayoyin cuta. In ya huce sai ya daskare a faranti kamar kokon da ya kwana. Amfaninsa shi ne ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 85, don haka yana zaune daram a digiri 37 na akwatin reno. Ana shafa fitsarin a kai, a jira awa 18 zuwa 24 ƙwayoyin su tsiro. Sannan a sake shuka su a wani faranti, a ɗora ƙananan takardu masu ɗauke da magunguna, a ƙara jiran kwana guda a ga wanne ya hana su yaɗuwa.

Naku aikin: ku ba da fitsarin kafin fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, ku bar na farko ya zube ku tari na tsakiya, ya isa ɗakin gwaji cikin awa biyu. Wanda ya wuni a aljihu sakamakon ƙarya yake bayarwa.

Tambaya: An ba mu jel na shafa wa cibiyar jariri, amma surukata ta ce gashi ya fi sa ta faɗi da wuri. (Mai jego daga Maraɗi)

Amsa: Barka da arziki. Wannan jel shi ne chlorhexidine na kashi 4 cikin 100, kuma aikinsa kashe ƙwayoyin cuta a kututturen cibiya, ƙofar da cuta ke bi ta shiga jinin jariri. Gaskiyar Hajiya ɗaya: da jel cibiya kan ɗan jinkirta faɗuwa. Wannan jinkirin ba illa ba ne, yawanci tana faɗuwa tsakanin kwana 5 zuwa 15. Gashi da tsumma mai zafi kuwa yana ƙona fata, toka da gishiri da man goge haƙori kuma suna iya kai cuta, har da tetanus.

Ki wanke hannu da sabulu, ki matsa jel a yatsa, ki shafa a bakin kututturen da kewayen gindinsa, sau ɗaya a rana tun daga ranar haihuwa har tsawon kwanakin da aka faɗa miki a asibiti. Ki naɗe kunzugu ƙasa da cibiyar don ta sha iska. Ko kusa kada ya shiga ido ko kunne, an samu jariran da suka makance saboda an ɗauke shi maganin ido. In kika ga ja yana bazuwa a fatar ciki, ko mugunya da wari, ko zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono, asibiti a ranar.

Tambaya: Jel ɗin diclofenac ya fi ƙwayar aminci ga ciwon gwiwa?

Amsa: Ga gwiwa da yatsu, e, domin kaɗan ne ke shiga jini, bai cika taɓa ciki ba. Giram 2 zuwa 4 ake shafawa, sau uku zuwa huɗu a rana, ban da kan rauni, kuma kada a ɗaure wurin da leda. Mai cikin da ya shiga wata bakwai ta bar shi. Mai ciwon ƙoda ko gyambon ciki ya fara tuntuɓar likitansa.