Fitilar taya ta kama a Tabuka: kwamfuta ce ta lalace ko sanyi ne?

Wannan makon tambayoyin mota sun fi na waya yawa. Da farko na so in ce ni ba makanike ba ne, a nemi masu banshar, wato masu shagon gyaran taya. Da na sake karantawa sai na ga duk a kan allo suke, da sansa, da manhaja, wato dai sun shigo gonata. Dalili kuwa sanyi ne ya kankama a arewacin Saudiyya, jama'a sun fara ɗiban iyali zuwa kallon dusar ƙanƙara.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni direba ne a Jidda. Makon jiya na kai maigidana da iyalinsa Tabuka a jif ɗinsa, don su ga dusar ƙanƙara a Jabalul Lauz. Ranar da za mu tashi, bayan na gama zirga-zirgar sayayya, na biya banshar da la'asar aka cika tayoyi 35 kamar kullum. Mun isa lafiya. Da asuba ina tayar da mota sai ga wata fitila ruwan ɗorawa, kamar tukunya da alamar motsin rai a cikinta. Mai banshar na can ya duba bai ga ƙusa ba. Da rana ta yi fitilar ta mutu da kanta, washegari ta dawo. Maigida ya ce kwamfutar motar ce ta lalace, kuma wai in nemo tayar sanyi irin ta Turai. Mene ne gaskiya, kuma iska nawa ake sa wa irin wannan taya?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce wa maigida ya kwantar da hankalinsa. Kwamfutar lafiyarta ƙalau, aikin da aka sa ta ne ta yi.

Wannan fitila ta wata na'ura ce da ake kira TPMS, mai gadin iskar taya. A yawancin manyan jif akwai ɗan sansa a cikin kowace taya, manne da gindin bawul, yana auna iska yana tura wa motar ta hanyar rediyo. Wasu motocin kuma ba su da sansa ko ɗaya a taya. Suna lura ne da saurin juyawar ƙafafun ta hanyar na'urar birki ta ABS, domin tayar da ta yi laushi takan ɗan ƙanƙance, ta riƙa juyawa fiye da 'yan'uwanta.

Abin da ya same ka lissafi ne kawai. Iska tana takurewa in ta ji sanyi. Duk digiri 10 da yanayi ya sauka, taya takan rasa kamar psi ɗaya da rabi zuwa biyu (psi shi ne awon iskar taya, irin 35 ɗin da aka sa maka), ba tare da ko ƙwayar iska ta fita ba. Daga digiri 30 na Jidda zuwa sifili na asubahin Tabuka, kusan psi 5 ke nan sun tafi. Amma wannan kaɗai da wuya ya kunna fitila. Kuskuren tun a Jidda aka yi shi, kuma kai da kanka ka faɗe shi: bayan zirga-zirga ka je, da la'asar. Tayar da ta sha tafiya a kan kwalta mai zafi tana nuna ƙarin psi 3 ko 4 a kan gaskiyarta. Saboda haka 35 ɗin da ka gani a ma'aunin mai banshar, da ka bari ta huce, 31 za ka tarar. Ka cire 5 na sanyi, ka dawo wajen 26. A dokar Amurka ana so fitilar ta kama idan iska ta gaza da kashi 25 cikin ɗari na abin da kamfani ya ƙayyade, kuma motoci da yawa kusa da haka aka saita su. In motarku 35 take so, iyakar ita ce 26 da 'yan kai. Kana bakin layi. Rana ta fito, taya ta ɗumama, iska ta ɗan ɗaga, fitila ta mutu. Asuba ta yi, ta koma gidan jiya.

Na ce "in motarku 35 take so" da gangan, domin ban sani ba, kuma ina kyautata zaton mai banshar ma bai duba ba. Buɗe ƙofar direba ka sunkuya. A jikin ginshiƙin da ƙofar ke rufuwa a kai akwai wata takarda a manne, sau da yawa ƙura ta rufe ta, sai ka goge da yatsa. A nan aka rubuta girman taya, da iskar gaba, da ta baya, da ta safaya. Wasu motocin har layi biyu ne, ɗaya na mutum biyu ko uku, ɗaya na mota maƙare da mutane da kaya. Ku da kuka ɗauki iyali da akwatuna da tantin fita shaƙatawa, layi na biyu ne naku. Wasu motocin Turai a murfin tankin mai suke manna ta. Lambar da ke jikin taya kuwa, 44 ko 51, ba shawara ba ce. Iyakar abin da robar za ta iya ɗauka ke nan, kuma kamfanin taya bai san a wace mota za a ɗaura ta ba.

Lambar ƙofa ta tayar da ta huce ce, wato mota ta tsaya kamar awa uku, ko ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya da rabi ba. Kuma a garin da kake ake aunawa, ba a garin da ka baro ba. Da asubar nan ta Tabuka abin da ya kamata shi ne a ƙara iska zuwa lambar ƙofa kafin a hau hanya. Da kun dawo Jidda, ka bari mota ta kwana, ka sake aunawa da safe, ka rage abin da ya ƙaru. Kada ka taɓa sace iska daga taya mai zafi a tsakiyar tafiya. Ni na taɓa yi, a hanyar Madina, shekarun baya. Na tsaya shan mai, na ga ma'auni ya nuna 40, na tsorata, na danna bawul da makulli ina jin iska na fita fiii har ta sauko 33, ina ta yaba wa kaina. Da safe a masauki sai na tarar da tayoyi huɗu duk sun yi tumbi.

Kada a raina laushin taya a ƙasar nan. Taya maras isasshiyar iska tana lanƙwashewa tana miƙewa a kowane juyi, wannan ke haifar da zafi a cikinta, zafin kuma shi ke raba roba da wayar da ke ciki. Ita kanta fitilar da ta dame ka, Saudiyya na da hannu a tarihinta. A 1999 kamfanin Ford ya fara sauya tayoyin Firestone a motocinsa ƙirar Explorer a nan Saudiyya da wasu ƙasashen yankin, saboda bayan tayar yana ɓarewa ana cikin gudu. A watan Agustan 2000 aka janye tayoyi miliyan shida da rabi a Amurka. Cikin abin da kamfanonin biyu suka yi ta jayayya a kai har da iska: Ford ya rubuta 26 a ƙofa, Firestone ya ce 30 ya fi. A shekarar majalisar Amurka ta yi doka, daga watan Satumban 2007 kuma kowace sabuwar ƙaramar mota a can sai da wannan na'ura. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2014.

Batun tayar sanyi kuma, ban ba ku shawara ba. An yi ta ne da roba mai laushi wadda ba ta sandarewa idan yanayi ya sauka ƙasa da digiri 7, ga ƙananan tsage-tsage a zanenta masu kama ƙanƙara. Za ka gane ta da hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki. A ƙasar da ake wata huɗu cikin ƙanƙara ita ce rai. Amma tsakanin Jidda da Tabuka kusan kilomita dubu ne na busasshiyar kwalta, in ka dawo kuma ga zafin Jidda. Robar za ta cinye da wuri, birki kuma ya ƙara tsawo. Don kallon kwana biyu, tayoyinku na kullum sun isa, in zanensu bai suɗe ba kuma ba su tsufa ba. Duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya. In ka ga 2322, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2022.

Abu ɗaya da nake tsoro shi ne al'adar rairayi. Wanda ya saba shiga sahara ya san ana sauke iska zuwa 15 ko 18 don taya ta baje kada ta nutse, sai ya ɗauka ƙanƙara ma haka take. Ba haka ba ne a kan titi. Ƙarƙashin farin nan kwalta ce, kuma abin da kake so shi ne zanen taya ya yanka ya kai gare ta. Ka bar iska a lambar ƙofa, ka rage gudu, ka ba na gaba tazara. Ja da ƙafa huɗu yana taimaka wa jif ta tashi, amma wajen tsayawa ita da ƙaramar mota duk ɗaya ne.

Tambaya: Wata Hajiya daga Madina ta rubuto cewa ɗanta na karatu a Montiriyal ta Kanada, ya sayi jif, an sa masa tayoyin sanyi a kan wasu rim daban. Ƙofa ta ce 35, masu shagon sun sa 38. Kuma tun ranar fitilar taya take ƙiftawa in ya tayar da mota, sannan ta tsaya cak. Ko cutarsa aka yi?

Amsa: Hajiya, ba a cuce shi a iska ba. A lardin Kwibek doka ce ma a sa tayar sanyi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, don haka ya yi daidai da ya saya. In girman tayar ɗaya ne da wadda aka cire, lambar ƙofa ita ce tushe. Sai dai cikin shago akwai ɗumi, waje kuma yana iya kaiwa digiri 20 ƙasa da sifili. Tayar da aka cika 35 a ciki, da ta kwana a waje za ta sauko sosai, shi ya sa masu shago ke ɗan ƙarawa. Wasu kamfanonin ma a littafin mota sukan ce a ƙara kamar psi 3 ga tayar sanyi. Ya duba littafinsa. In ba a ce komai ba, ya auna da safe a waje inda motar ta kwana, ya daidaita zuwa 35.

Fitilar kuwa wani zance ne daban. In ta kama ta tsaya tun farko, iska ce ta gaza. In ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya sannan ta tsaya, motar ce ke cewa ba ta jin muryar sansa. Mai yiwuwa sababbin rim ɗin ba su da sansa, ko suna da shi ba a gabatar da shi ga kwamfutar motar ba. Ya koma shagon ya tambaya, suna da na'urar yin wannan cikin 'yan mintoci. In an bar shi haka, zai yi hunturu guda babu mai yi masa gadi.

Tambaya: Malam, motata tsohuwa ce, ba ta da wannan na'ura. Na sayi wasu murafen bawul huɗu a intanet masu haɗuwa da waya ta Bluetooth. Manhajar tana nuna 240, mai banshar a Shara Mansur ya ce 35. Wa ke da gaskiya? Kuma me ya sa take neman izinin sanin inda nake?

Amsa: Dukansu. Manhajar na ƙirga da kPa ne, shi kuma da psi. Akwai kuma wani awon da ake kira bar: bar ɗaya daidai yake da kPa 100, daidai da psi 14.5, saboda haka 240 shi ne bar 2.4, wato psi 35 saura ƙiris. Shiga saitin manhajar ka mayar da ita psi ka huta.

Izinin wuri ba lallai ne leƙen asiri ba. Kafin Android 12, duk manhajar da za ta laluba na'urorin Bluetooth na kusa sai ta nemi wannan izinin, haka tsarin yake. Daga 12 zuwa sama an ware masa izini na daban, na na'urorin kusa. Amma in ka ga manhajar taya tana neman lambobin wayarka ko saƙonninka, goge ta nan take.

Su kansu murafen ina da ɗan ɗari-ɗari da su. Don su auna iska dole su danne allurar bawul ta zauna a buɗe, ke nan abin da ya tsare iskarka 'yar robar da ke cikin murfin ce kawai. Bayan ka ɗaura, ka shafa ruwan sabulu ka ga ko zai yi kumfa. Suna da ɗan nauyi, in bawul ɗinka na roba ne kuma ya tsufa, gudun babbar hanya yana wahalar da shi, gara a sa na ƙarfe. Batirinsu ɗan ƙarami ne kamar kwabo, in ya yi rauni wasu manhajojin sukan ci gaba da nuna lambar ƙarshe da suka ji kamar ba abin da ya faru. Ka ajiye ma'aunin hannu a aljihun mota, sau ɗaya a wata ka gwada su da shi.

Tambaya: An ce in na sa naitirojin, sanyi ba zai taɓa tayata ba.

Amsa: Zai taɓa. Iskar da kake shaƙa yanzu kashi 78 cikin ɗari naitirojin ce, kuma shi ma yana takurewa da sanyi kamar kowace iska. Amfaninsa shi ne ba shi da danshi, kuma yana ɗan jinkirin zurarewa ta jikin roba. In kyauta suke sawa, karɓi. In kana Tabuka da asuba taya ta sauko kuma babu naitirojin kusa, ka ƙara iskar banshar a kai, haɗa su ba ya ɓata komai.