Tambayi Likita: 'Yata Mai Talasimiya Tana Ƙin Abinci Idan Ranar Ƙarin Jini Ta Gabato

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. 'Yata tana da shekara 3, kuma tun tana wata 8 aka tabbatar mana cewa tana da talasimiya mai tsanani, wato cutar ƙarancin jini da ake gado, don haka ake yi mata ƙarin jini duk bayan mako 4. Abin da ya dame ni shi ne, da zarar an shiga makon ƙarshe sai ta ɗashe, ta riƙa rigima, ta ture duk abin da na miƙa mata, amma ana ƙara mata jinin sai cin abincinta ya dawo. Sannan tun da aka ɗora ta a kan maganin rage ƙarfe take kukan ciwon ciki a wasu ranakun. Wasu 'yan uwa sun ce in saya mata maganin ƙarin jini na ruwa, wasu kuma sun ce yawan ƙarin jinin ne ya sangarta jikinta, gara mu tsawaita tazarar. Mene ne abin yi? Daga wata uwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar uwa. Allah Ya ba ta lafiya, Ya ba ku ladan jinya. Abin da kika lura da shi, wato cin abincinta yana hawa da sauka tare da jininta, shi ne abu mafi muhimmanci da za ki gaya wa likitanta, domin a irin wannan yanayi rashin cin abinci alama ce ta ƙarancin jini, ba shi ne tushen matsalar ba. Ɓargon mai talasimiya, wanda shi ne ke haɗa jini, yana aiki ba dare ba rana, sai dai yawancin jajayen ƙwayoyin da yake haɗawa suna lalacewa tun kafin su fito, saboda haimogulobin ɗinsu, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin, bai haɗu daidai ba. Jinin da aka ƙara mata shi ke riƙe da ita, haimogulobin ɗinta kuwa, wanda ake aunawa da giram a kowane desilita (kashi ɗaya cikin goma na lita) na jini, yana raguwa da kusan giram 1 a kowane mako. Idan ya yi ƙasa sosai, zuciya na ƙara bugu, gajiya na rufe yaro, har tauna abinci ma ta zame masa aiki.

Saboda haka, shawarar tsawaita tazara shawara ce mai haɗari, ko da masu ba da ita da kyakkyawar niyya suka yi. Matsalar a ƙwayoyin gado take, kuma hana jiki jini ba zai koya masa abin da ba shi da ikon yi ba. Abin da zai biyo baya shi ne ɓargo ya ƙara faɗaɗa har ƙasusuwan fuska da na kai su sauya kama, saifa da hanta su kumbura, girma ya tsaya. Irin waɗannan yara ne Dakta Thomas Cooley ya bayyana a Amurka a shekarar 1925, zamanin da ba a fara ƙarin jini a kai a kai ba, kuma mafi yawan masu cutar a lokacin ba sa wuce ƙuruciya. Ƙa'idar da ƙungiyar talasimiya ta duniya ke ba da shawara a kai ita ce a ƙara jini duk bayan mako 2 zuwa 4, ta yadda haimogulobin zai kasance tsakanin giram 9.5 zuwa 10.5 a kowane desilita a ranar da aka zo ƙarin, kafin a ɗaura ledar. Ki riƙa tambayar wannan adadi kowane zuwa, ki rubuta shi tare da nauyinta da ranakun da ta ƙi abinci. Idan ya bayyana cewa tana isowa da giram 7 ko 8, to likita na iya rage tazarar zuwa mako 3, ko ya ƙara yawan jinin, domin da nauyin yaro ake lissafa shi, kuma yakan faru yaro ya ƙara nauyi alhali ana ci gaba da ba shi adadin da aka saba tun bara.

Akwai kuma batun saifa, wadda ke gefen hagu na ciki, daura da tumbi. Idan ta kumbura takan danne tumbin, yaro ya ƙoshi bayan loma kaɗan, sannan tana cinye jinin da aka ƙara da sauri fiye da ƙima. Ki nemi a riƙa duba girmanta. Haka nan idan jinin ba ya daɗewa kamar da, ya kamata a gwada ko jikinta ya fara samar da garkuwar da ke yaƙar baƙon jini.

Maganin ƙarin jini na ruwa kuwa, kada ki ba ta. Sunan ne ke yaudarar mutane: irin waɗannan magunguna sinadarin ƙarfe suke ɗauke da shi, an kuma yi su ne domin wanda jininsa ya yi ƙasa saboda rashin ƙarfe, alhali 'yarki yawan ƙarfe ne barazanarta. Kowace ledar jini ta babban mutum tana ɗauke da kimanin miligiram 200 na ƙarfe, jikin ɗan Adam kuma ba shi da hanyar fitar da rararsa, sai ya taru a hanta da zuciya da sassan da ke sarrafa girma, balaga da sukarin jini. Shi ya sa ake fara maganin rage ƙarfe bayan ƙari 10 zuwa 20, ko idan gwajin feritin, wanda ke nuna yawan ƙarfen da ya taru a jiki, ya haura 1,000. Har magungunan buɗe ciki da gaurayen bitamin na yara ki karanta jikin kwalbarsu, domin da yawa akwai ƙarfe a ciki, kuma bitamin C mai yawa ma ba a ba irin waɗannan yara sai da izinin likita.

Ba ki faɗi wane maganin rage ƙarfe take sha ba, amma mai yiwuwa diferasiroks ne, wanda ake sha sau ɗaya a rana, kuma ciwon ciki, tashin zuciya da gudawa suna cikin sanannun illolinsa. Nau'insa mai narkewa a ruwa, kamar Exjade, ana shan sa ne minti 30 kafin abinci, ciki babu komai, abin da wasu yara ba sa jurewa. Akwai nau'in Jadenu, wanda ake iya sha da ɗan abinci mara maiƙo, har a daka shi a barbaɗa a kan abu mai laushi. Sauya nau'i, sauya lokacin sha, ko daidaita adadi, duk abubuwa ne da likita ke iya yi, kuma sau da yawa ciwon cikin yana lafawa bayan makonni. Abin da ba na so shi ne a riƙa tsallake maganin a ɓoye don a samu ta ci abinci, domin taruwar ƙarfe ba ta nuna alama sai ta yi ɓarna. Amma ranar da take amai, gudawa ko zazzaɓi har ta kasa shan ruwa, ki kira likita kafin ki ba ta, saboda maganin na iya taɓa ƙoda idan ruwan jiki ya yi ƙasa.

Game da ciyarwar kanta, a makon da jini ya yi ƙasa ki rage yawan abin da kike zuba mata, ki ƙara yawan lokutan, kamar sau 5 ko 6 a rana, ki kuma fifita abin da ke ba da ƙarfi a loma kaɗan, irin su madara, ƙwai da abinci mai ɗan mai. Kada ki cika mata ciki da ruwa ko abin sha mai zaƙi dab da cin abinci, kada kuma a yi mata ɗura, domin tilastawa na sa yaro ya tsani abincin har bayan ya ji sauƙi. Wasu iyaye kan hana yaro nama da kifi da ganye gaba ɗaya saboda tsoron ƙarfe, wannan kuwa wuce gona da iri ne: ƙarfen da ke shiga ta abinci kaɗan ne idan aka kwatanta da na jinin da ake ƙarawa, yaro mai tasowa kuma yana buƙatar abinci mai gina jiki. Ya isa a guji yawan cin hanta da kayan abincin da aka ƙara wa ƙarfe a masana'anta. Ki kuma nemi a auna zinki da bitamin D, domin ƙarancinsu ya zama ruwan dare ga masu wannan cuta, kuma rashin zinki na dusashe ɗanɗano. Ma'aunin gaskiya shi ne nauyinta da tsayinta a kan jadawalin girma, ba abin da ta rage a kwano yau ba.

Zazzaɓin da ya kai digiri 38, haki, fitsari mai duhu ko ido ya ƙara rawaya a kwanakin da suka biyo bayan ƙarin jini, duk ba a jira gari ya waye da su, asibiti ake nufa.

TAMBAYA: Likita, ɗana mai shekara 2 yana da wannan cuta. Ni mahaifinsa, zan iya ba shi jinina maimakon na wanda ban sani ba? Daga wani uba.

AMSA: Malam, Allah Ya saka da alheri, amma likitocin jini ba sa son haka. Idan wata rana aka yi shawarar yi masa dashen ɓargo, wanda yakan fito daga ɗan uwa na jini, jinin dangi da ya taɓa karɓa na iya sa jikinsa ya ƙi dashen. Abin da ya fi shi ne ka tabbatar ana ba shi jinin da aka tantance daga cutar HIV da ciwon hanta nau'in B da C, wanda aka tace fararen ƙwayoyinsa, aka kuma dace da shi har a ƙananan rukunai irin su Rh da Kell, sannan ya kammala rigakafin ciwon hanta nau'in B. Idan an auna ka aka ga jininka ya isa, ka ba da gudummawarsa ga ma'ajiyar jini domin wani majinyacin.