Ta ina zan fara koya wa yara farfaganda da haɗa fasta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin zane-zane ne a wata ƙaramar sakandare a ƙauyenmu nan yankin Taura, jihar Jigawa. Wannan zangon akwai darasin farfaganda da haɗa fasta mai jan hankali, to amma firinsifal ya ce in yi hattara kar iyaye su ce ina cusa wa yara siyasa, ga shi kuma ba mu da kayan aiki, ko kwali sai an yi karo-karo. Dan Allah ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara basira. Gaskiya firinsifal yana da hujja, don haka kar ka kawo fastan ɗan takarar da ke kan kujera ko mai neman ta yanzu. Amma darasin nan kar ka bari ya wuce, yaran nan kullum cikin farfaganda suke, a bangon kasuwa, a bayan adaidaita, a WhatsApp ɗin yayyensu, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda ake haɗa ta.

Fara da tarihi, shi ba ya jawo rigima. A 1914 Ingila ta fito da hoton Lord Kitchener, ministan yaƙinta, yana nuna mai kallo da yatsa don samari su shiga soja, a 1917 Amurka ta yi irinsa. Ka tsaya gaban aji ka nuna yaro ɗaya da yatsa ka kafe shi da ido, sai ka tambaye shi me ya ji a jikinsa, to dabarar kenan. Daga nan ka dawo gida kan alamomin jam'iyyun da, NEPU tauraro, NPC fartanya, PRP makulli, ka ce su tambayo kakanninsu me ya sa jam'iyya za ta ɗauki fartanya a ƙasar manoma. Za su gane da kansu cewa alama tana isa inda rubutu bai isa ba.

Sai ka nuna musu inda abin ke zama guba. A Ruwanda a 1994 gidan rediyon RTLM ya dinga kiran 'yan Tutsi kyankyasai har kisan maƙwabci ya daina yi wa mutane nauyi. Mu ma nan a 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano sai 2004 aka dawo, cutar ta bazu har wasu ƙasashe, kuma sai 2020 aka tabbatar an rabu da nau'inta na asali a Afirka. A ganina abin da ya kamata yaro ya fita da shi, duk fastan da ya gani ya tambayi kansa wa ya buga, me yake so in yi, me ya ɓoye min, kuma wa yake so in tsana. Kala da hoto da tsoratarwa mai gaskiya da maƙaryaci duk suna amfani da su, mai gaskiya dai ba ya ƙarya kuma ba ya haɗa ka gaba da wasu mutane.

Wajen zanen kuwa ku ɗauki abin da ya shafe ku. Kun fi kowa sanin abin da ya faru a Majiya, nan yankinku na Taura, a watan Oktoba 2024, tanka ta faɗi mutane suka je ɗibar fetur wuta ta tashi, sama da mutum 150 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Fastan da zai hana wani yaro ɗaukar jarka ya nufi tankar da ta faɗi ya fi duk wani maki. Amma dan Allah Malam ka lura, wataƙila a ajin akwai wanda ya rasa uba ko yayansa, kar a zana gawa ko ƙuna, kuma wanda bai so ba a ba shi zanen fastan gidan sauro ko na dashen bishiya. Tanka a kife, jarka a yashe, mutum ya juya baya yana gudu riƙe da hannun ƙaninsa, a ƙasa a rubuta "Tanka ta faɗi? Yi nisa!" ya wadatar. Hoto ɗaya babba, kala biyu ko uku, kalma kar ta wuce biyar, in da hali a ƙara da ajami saboda dattawa da almajirai.

Kayan aiki kar ya dame ka, bayan tsohuwar kalanda ko kwalin taliya ya isa, gawayi ya ba ku baƙi, jar ƙasa ta ba ku ja, shuɗin wanki ya ba ku shuɗi, a jiƙa ƙaro a dama da shi don kalar ta kama. In sun gama, ranar kasuwa ku nemi izinin mai unguwa ku kafa, yaro ya ja baya kamar taku ashirin ya tare wanda bai yi boko ba ya ce Baba me ka gani a nan? In Baba ya faɗi saƙon daidai ka ba shi makinsa, in ya yi kame-kame a koma aji a sake zane.