Gyaran da Ya Wuce Gona da Iri

Tambaya: Malam, ina ganin masu rubuta "ƙasuwa" da "gidan sa", suna cewa haka ne daidai. Gaskiya ne?

Amsa: A'a, garin neman gira ne aka rasa ido. Mutum ya sha gyara kan rashin lanƙwasa, wato ƙugiyar da ke kan haruffa irin su ƙ da ɗ, sai ya riƙa maƙala ta ko'ina. Abin da damuwa, domin ma'ana kan juye: kafa makaranta daban, ƙafa daban, dakan turmi ba ɗaka ba ne. Furta kalmar a hankali. In maƙogwaronka bai ɗan tsuke ba, kasuwa ce, bar ta haka.

"Gidan sa" kuwa, ƙa'idar raba aikatau da wakilin suna ce, kamar "ya gan shi", aka kai ta inda ba huruminta ba. Gajeriyar mallaka haɗe ta ake yi: gidansa, motarta.