Amsa: Falo mai manyan tagogi da silin POP a zafin Kano

Malam, ka ce kana gini a Kano, kana son falo mai manyan tagogin gilashi da silin POP (wato silin ado na farin filasta), amma kana tsoron zafi. Da gaskiyarka.

Fara duba inda tagar ta fuskanta. Babbar taga ta kalli arewa ko kudu. In ka sa ta yamma, ranar la'asar ta watan Afrilu za ta gasa falon, har bayan isha bango na fitar da zafi. Tagogi biyu su kalli juna don iska ta ratsa, rufin kuma ya zarce bango da ƙafa biyu zuwa uku ya yi inuwa. Bangon waje bulo mai inci tara, kada magini ya lallaɓe ka da mai inci shida.

Silin ka ɗaga shi ƙafa 11 ko 12, domin adon POP kan ci kusan ƙafa ɗaya. A bar ƙofofin iska tsakanin kwano da silin, a toshe su da raga saboda jemagu. Kuma kada a ɗaura POP sai an ga ruwan sama ya sauka a kan kwanon: ɗigo ɗaya ya isa ya bar tabo ruwan ƙasa, daga nan sai tsagewa.

Tayil kuwa, baƙi mai sheƙi kyansa a shago ne kawai. Da hunturu ya shigo, har sawun ƙafa za ka gani a kan ƙura. Ɗauki ruwan madara marar sheƙi, mai santimita 60 da 60, ka ƙara kashi 10 cikin 100 a kan adadin da kake buƙata saboda yanka da fashewa.